Fereydunshahr: Garin Gurjawa A Kan Duwatsun Iran

A wannan karon zan ɗan ɗauke mu daga maganar kasuwa da ta unguwa da muka saba yi, mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin mu ga yadda wasu bayin Allah suka zauna a ƙasar da ba ta kakanninsu ba har tsawon shekara 400, kuma har yau harshen da kakannin nasu suka zo da shi bai bar bakinsu ba. Ƙasar ita ce Iran, garin kuwa sunansa Fereydunshahr. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da sunayen da zai ci karo da su, domin wasunsu suna da nauyi a baki, to amma labarin da ke tattare da su ya isa a ɗan daure.

Ina Ne Fereydunshahr?

Garin yana cikin lardin Isfahan ne, yamma da babban birnin lardin, tafiyar da ta haura kilomita 150. Yana zaune a tsakiyar jerin duwatsun da ake kira Zagros, a wani yanki mai suna Fereydan. Kalmar "shahr" a harshen Farisanci tana nufin birni, shi kuwa Fereydun sunan wani sarki ne da ya shahara a tatsuniyoyin mutanen Farisa na dā. Kafin a raɗa masa wannan suna a ƙarni na 20, ana kiran wurin Akhoreh.

Abu na farko da garin ya yi suna a kai shi ne tudu. Yana sama da doron teku da kimanin mita 2,500, wanda hakan ya sa yake cikin garuruwan da suka fi kowane bisa a duk ƙasar Iran. Domin mai karatu ya gane abin da nake nufi, garin Jos da muke kukan sanyinsa bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba. Dutsen Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Wato ke nan mai shago a kasuwar Fereydunshahr yana zaune a saman da ya fi ƙololuwar dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara kan rufe gonaki da hanyoyi na tsawon watanni, har ma akwai filin wasan zamiya a kan ƙanƙara kusa da garin, inda mutane kan zo daga Isfahan da wasu wurare.

Garin ba wani babba ba ne. A ƙidayar da aka yi a shekarar 2016 mutanensa ba su kai 14,000 ba. Sana'arsu ta gado noma ce da kiwo: alkama da sha'ir da dankalin Turawa, sai tumaki da awaki da kiwon zuma. Mafi yawan mutanen garin Gurjawa ne, kuma akwai wasu garuruwa da ƙauyukan Gurjawa a kewaye, irin su Buin Miandasht da Afus da Sibak da Choqyurt da Dashkasan.

Su Wane Ne Gurjawa?

Gurjawa su ne mutanen ƙasar Jojiya. A lura, ba jihar Jojiya ta Amurka nake nufi ba. Wannan wata ƙaramar ƙasa ce a yankin duwatsun Kafkas, Rasha tana arewa da ita, Turkiyya da Armeniya suna kudu, Azarbaijan tana kudu maso gabas, sannan tekun Bahar Aswad yana yamma. Babban birninta Tibilisi, mutanenta kuma ba su cika miliyan 4 ba. Farisawa suna kiran ƙasar Gurjistan, mutumin ƙasar kuma Gurji, daga nan na ɗauko Gurjawa da Gurjanci domin sun fi daɗin faɗi a bakin Bahaushe. Su da kansu suna kiran ƙasarsu Sakartvelo, harshensu kuma Kartuli.

Harshen nasu ba ya dangantaka da Farisanci ko Turkanci ko Rashanci, danginsa daban ne, kuma yana da nasa haruffan guda 33 waɗanda ba su yi kama da boko ko ajami ba. Wani abin dariya ga Bahaushe shi ne, a Gurjanci "mama" na nufin uba, uwa kuwa "deda" ake ce mata. Harshen da mutum ya tashi da shi suna ce masa "deda ena", wato harshen uwa. Mutanen Jojiya sun karɓi addinin Kirista tun ƙarni na 4, saboda haka suna cikin al'ummomin da suka fi daɗewa a cikinsa.

Yadda Aka Kwaso Su

A ƙarni na 16 Jojiya ta rarrabu zuwa ƙananan masarautu, ga ta kuma a tsakanin manyan dauloli biyu da ba sa ga maciji da juna: Daular Usmaniyya ta Turkawa da Daular Safawiyya ta Iran. A shekarar 1555 daulolin biyu suka yi sulhu a garin Amasya, suka raba ƙasar a tsakaninsu. Yammaci ya koma ƙarƙashin Usmaniyya, gabashi kuma, wato masarautun Kartli da Kakheti, ya koma ƙarƙashin Iran. Babu wanda ya nemi shawarar masu ƙasa.

Shah Abbas na Ɗaya, wanda ya mulki Iran daga 1588 zuwa 1629, shi ne sarkin da ya fi kowa ƙarfi a gidan Safawiyya. Shi ya mayar da babban birnin daular zuwa Isfahan a 1598, ya ƙawata shi da masallatai da kasuwanni da gadoji. Yana da wata dabara ta mulki, wato ɗauke al'umma sukutum daga inda take ya kai ta inda yake da buƙatarta. A 1604 ya kwashe Armeniyawan garin Julfa, waɗanda gwanayen fataucin siliki ne, ya gina masu unguwa a gefen Isfahan mai suna Sabuwar Julfa, wadda tana nan har yau.

Shekara 10 bayan haka abin ya zo kan Gurjawa. Shah Abbas ya zargi sarkin Kakheti, Teimuraz na Ɗaya, da sarkin Kartli, Luarsab na Biyu, da karkata wajen Turkawa. Teimuraz ya aika masa da mahaifiyarsa Ketevan da 'ya'yansa maza biyu a matsayin jingina, amma hakan bai hana komai ba. Daga 1614 zuwa 1617 rundunonin Iran suka yi ta shiga Kakheti. Da mutanen ƙasar suka yi bore a 1615, sai Shah ya dawo da fushi a shekarar da ta biyo, aka ƙone garuruwa, aka sare gonakin inabi, aka rusa Gremi, babban birnin masarautar, wanda bai sake komawa yadda yake ba. An kashe dubban mutane. Waɗanda aka kora zuwa Iran kuwa, ƙiyasin masana tarihi yana tsakanin 100,000 da 200,000. Tsakanin Kakheti da Fereydan ya haura kilomita 1,000 ko da a miƙe ne, kusan nisan Legas zuwa Kano ke nan, kuma a ƙasa aka yi tafiyar, da tsofaffi da mata da goyo. Luarsab ya mutu a tsare a 1622, ita kuwa Ketevan an kashe ta a birnin Shiraz a 1624 bayan ta ƙi barin addininta, aikin da babu Musulmin da ya san addininsa da zai kare shi.

Da aka iso da su sai aka warwatsa su. Kaso mai yawa aka kai lardin Mazandaran a bakin tekun Kaspiyan, musamman garin Farahabad da Shah ya gina, domin su yi aikin siliki. Wurin yana da dausayi da zafi, ba irin ƙasar da suka saba ba, zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikinsu. Wasu aka kai su Gilan da Fars da Khorasan, wasu kuma aka bar su a cikin Isfahan.

Waɗanda Suka Samu Fada

A nan akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne zai fito da ma'anar sauran. Ba duk Gurjawan Iran ne talakawa ba. Tun kafin wannan yaƙi, Shah Abbas ya kafa runduna ta bayin sarki da ake kira "ghulam", mafi yawansu Gurjawa da Armeniyawa da Sarkasawa da aka musuluntar, domin ya rage ƙarfin shugabannin ƙabilun Turkawa na Kizilbash waɗanda suka saba juya sarakuna. Duk wanda ya san irin ƙarfin da bayin sarki suka yi a fadojin ƙasar Hausa zai gane yadda abin yake.

Babban misali shi ne Allahverdi Khan. An haife shi Kirista a Jojiya, aka kamo shi yana yaro, ya musulunta, ya yi ta hawa har ya zama gwamnan lardin Fars kuma babban kwamandan sojojin daular. Shi ya gina shahararriyar gadar nan ta Isfahan mai ƙofofi 33 a kan kogin Zayandeh, wadda ake kira Si-o-se-pol, kuma ya rasu a 1613. Ɗansa Imam Kuli Khan shi ya ƙwace tsibirin Hormuz daga hannun Turawan Fotugal a 1622 da taimakon jiragen Ingila. Har wa yau, kusan shekara 100 ana naɗa 'ya'yan gidan sarautar Jojiya a matsayin masu kula da tsaron birnin Isfahan. Wani sarkin Kartli da Farisawa suke kira Gurgin Khan ya yi gwamnan Kandahar ta Afganistan, inda aka kashe shi a 1709. Matan Gurjawa kuwa sun cika gidan sarauta, har wasu sun haifi 'ya'yan sarki.

To ina zuriyar waɗannan manya a yau? Suna nan a cikin mutanen Iran, amma babu mai jin Gurjanci a cikinsu. Sun auri Farisawa da Turkawa, harshen fada da na ofis ya zama nasu, jika ya tashi bai san kalma ɗaya ta kakansa ba. Haka waɗanda aka kai Mazandaran, abin da ya rage nasu shi ne sunayen wasu unguwanni da ƙauyuka, irin su Gorji Mahalleh, wato unguwar Gurjawa, da kuma sunan dangi Gorji da wasu ke amsawa. Cikin dubban ɗaruruwan da aka kwaso, wuri ɗaya tak harshen ya rayu a matsayin harshen gari, shi ne Fereydan, wurin manoma da makiyaya waɗanda ba su taɓa riƙe sarautar komai ba.

Yadda Suka Hau Dutse

Labarin da mutanen Fereydan suka gada daga bakin kakanninsu ya nuna cewa da farko a Isfahan aka sauke su, daga nan suka koma Najafabad da ke yamma da birnin, inda zama bai yi daɗi tsakaninsu da mutanen wurin ba, sai suka ƙara gaba zuwa cikin duwatsu. Masana tarihi kuma suna ganin Shah yana da nasa lissafin. Yankin Fereydan yana tsakanin Isfahan da ƙasar Bakhtiyari da Lurawa, makiyaya masu yawo waɗanda kan kawo hari kan ƙauyuka da ayarin fatake. Zaunar da mutane masu jarunta, waɗanda ba su da dangi a cikin ƙabilun wurin, tamkar gina ganuwa ce ga babban birni. An zaunar da Armeniyawa ma a wasu ƙauyukan yankin.

Ko ma dai wane dalili ne, ƙasar ta karɓe su. Sun fito daga ƙasa mai duwatsu da sanyi, suka tarar da wata irinta. Babban garin nasu ba su wahalar da kansu wajen nema masa suna ba, suna ce masa "Sopeli", wato ƙauye a Gurjanci, kamar dai yadda mu ma muke cewa "zan shiga gari" kowa ya san inda ake nufi. Mutanen Jojiya kuma sukan kira shi Martkopi, sunan wani gari na can gida.

Zaman bai kasance na lafiya kullum ba. Bayan faɗuwar Isfahan a hannun 'yan Afganistan a 1722, ƙasar ta shiga ruɗani na shekaru masu yawa. Abin da Gurjawan Fereydan suka fi tunawa shi ne karonsu da Karim Khan Zand, wanda ya mulki mafi yawan Iran daga wajen 1751 zuwa 1779. Da rundunarsa ta nufo su, sai suka haye wani dutse da ke kusa da garin wanda suke kira Tsikhe, ma'anarsa ganuwa ko sansani a harshensu, suka yi turjiya daga can. An ci su da yaƙi, an kashe da yawa, kuma labarin baka yana cewa wasu sun gwammace su faɗo daga kan dutsen da a kama su. Dutsen yana nan, kuma yaron garin yakan tashi da jin labarinsa.

Addini Ya Sauya, Harshe Ya Zauna

Gurjawan Fereydan a yau Musulmi ne mabiya Shi'a kamar mafi yawan mutanen Iran. Masana sun saɓa kan lokacin da suka musulunta, wasu na cewa tun zamanin Shah Abbas ne, wasu na ganin abin ya ɗauki lokaci. Sunayensu na yanka irin na sauran Musulmin ƙasar ne, Ali da Husaini da Fatima, amma sunayen dangi da yawa sun riƙe kamannin asali, irin su Aslani da Gugunani da Ioseliani.

Maƙwabtansu Armeniyawa sun bi wata hanya daban. Su sun riƙe addininsu na Kirista da cocinsu da rubutunsu. To amma a 1946 da shekarun da suka biyo baya da yawansu suka yi ƙaura zuwa Armeniya ta Tarayyar Sobiyet, wasu suka koma Isfahan da Tehran, har ƙauyukansu na Fereydan suka kusa zama kufai. Gurjawa kuwa suna nan daram a inda aka ajiye su.

Abin mamaki shi ne harshen ya rayu ba tare da rubutu ba. Babu makarantar da ake koyar da shi, babu littafi, babu jarida, babu liman ko alƙalin da ke aiki da shi. Wanda ya yi karatu a cikinsu da Farisanci da Larabci ya yi. Daga baki zuwa kunne kawai aka yi ta miƙa shi. Ya ari kalmomin Farisanci masu yawa, musamman na addini da mulki da ciniki, amma gininsa na Gurjanci ne irin na gabashin Jojiya, har masana harshe daga Tibilisi sukan nazarce shi domin ya adana wasu tsofaffin kalmomi da lafuzzan da suka ɓace a can gida.

Idan mutum ya duba da kyau, abubuwa huɗu ne suka yi wannan aiki. Na farko, sun zauna wuri ɗaya da yawansu, gari guda da ƙauyukansa, ta yadda yaro zai fita waje wasa ya tarar da harshen da ya baro a ɗaki. Na biyu, sun yi ta auratayya a tsakaninsu, saboda haka uwa da uba duk harshe ɗaya suke yi. Na uku, abincinsu yana hannunsu, gona da garke ba sa buƙatar Farisanci. Na huɗu shi ne dutsen kansa, wanda ya sa shiga da fita suka yi wuya, musamman da hunturu. A wasu ƙauyukan Fereydan ɗin ma da aka fi cakuɗuwa da Farisawa da Turkawa, harshen ya yi rauni ko ya tafi gaba ɗaya.

Sake Haɗuwa Da Gida

Yayin da suke can kan dutse, ƙasar kakanninsu ta yi ta sauya hannu. Agha Muhammad Khan na gidan Kajar ya ƙone Tibilisi a 1795, Rasha ta haɗiye gabashin Jojiya a 1801, sannan Iran ta sallama yankin a yarjejeniyar Gulistan ta 1813. Daga nan iyaka ta shiga tsakani, mutanen Jojiya da yawa ba su ma san akwai sauran 'yan'uwansu a tsakiyar Iran ba. A 1871 wani mutumin Fereydan mai suna Iotam Onikashvili ya isa Tibilisi, mutane suka ji shi yana magana da harshensu bayan rabuwar fiye da shekara 250. A 1894 kuma wani marubucin Jojiya, Lado Aghniashvili, ya je Fereydan da ƙafarsa ya ga yadda suke zaune, ya dawo ya ba da labari.

A farkon shekarun 1970, lokacin Jojiya tana cikin Tarayyar Sobiyet, aka shirya mayar da wasu iyalai ƙalilan daga Fereydan zuwa Kakheti, ƙasar da aka kwaso kakanninsu. An tarbe su da murna, an ba su gidaje. To amma zama ya zo da nasa. Su Musulmi ne, sun tarar da ƙasar da asalinta Kirista ce kuma gwamnatinta ta 'yan gurguzu. Kakheti ƙasar giyar inabi ce da naman alade, su kuwa ba sa kusantar ko ɗaya. Gurjancinsu ya yi wa mutanen wurin kama da na tsofaffin dā, ga Rashanci da ake buƙata a wurare da yawa su kuma ba su iya ba. A Iran ana ce masu Gurji, a Jojiya kuma ana kallonsu a matsayin mutanen Iran. Wasu sun daure sun zauna, wasu suka tattara suka koma kan dutsensu.

Bayan Jojiya ta samu 'yancin kai a 1991 hanya ta buɗe sosai. Samarin Fereydan suna zuwa karatu da ziyara a Tibilisi, wasu sun koyi haruffan Gurjanci, har mutum zai ga allunan shaguna a Fereydunshahr an rubuta su da Farisanci da Gurjanci. Duk da haka mutanen garin ba sa ɗaukar kansu baƙi a Iran. Samarinsu sun je fagen daga a yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 kamar na kowane gari, kuma idan ka tambaye su za su ce maka su 'yan Iran ne kuma Gurjawa, ba su ga wani karo tsakanin biyun ba.

Sai dai jarrabawar da harshen yake fuskanta yanzu ta fi ta zamanin Karim Khan wuya, domin ba da takobi ta zo ba. Tun zamanin Reza Shah, wanda ya yi mulki daga 1925 zuwa 1941, makarantar zamani da aikin soja suka fara shiga ƙauyuka, kuma duk da Farisanci ake yin su. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da Farisanci a matsayin harshen hukuma da na karatu, kodayake ya ba da damar amfani da harsunan ƙabilu a jaridu da kafofin watsa labarai. Yau ga kwalta har cikin gari, ga talabijin, ga wayar hannu. Matasa suna sauka Isfahan da Tehran neman aiki, suna aure a can, 'ya'yansu suna tashi da Farisanci. Dutsen da ya tsare harshen shekara 400 yanzu mota tana haye shi cikin 'yan sa'o'i.

Abin Da Ya Shafe Mu

Mai karatu zai ce to mu ina ruwanmu da mutanen da ke bayan duniya? Gaskiya ne tarihinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Mu babu wanda ya koro kakanninmu da bulala, fataucin goro da shanu ne ya kawo su Kurmi, suka zauna da yardar masu gari. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta ne a 1916, wato shekara 100 da 'yan kai ke nan, rubu'in abin da Gurjawa suka yi a Fereydan. Kullum ta Allah motoci suna tashi daga tashoshinmu zuwa Arewa. Muna da rediyo da finafinai da littattafai da malamai masu wa'azi da Hausa, kuma masu jin harshenmu miliyoyi ne. Duk abin da Gurjawan Fereydan suka rasa, mu muna da shi.

Amma duk da haka mu da aka haifa a nan mun san abin da ke faruwa a wasu gidajenmu. Akwai yaron da za ka yi masa magana da Hausa ya gane sarai, amma ya amsa maka da Yarbanci ko Turancin Buroka. Akwai wanda yana jin Hausar ciniki da ta gaisuwa, amma ka jefa masa karin magana ya tsaya yana kallonka. An fi ganin haka a gidajen da Allah ya buɗa wa, aka bar unguwa aka koma sabon wuri, aka sa yara makarantar kuɗi, uwa da uba suka ga ai burgewa ce a riƙa yi masu Turanci a gida. Wannan ita ce hanyar da zuriyar Allahverdi Khan suka bi, kuma mun ga inda ta kai su.

Ba ina cewa kada mu koyi harshen masu masaukinmu ba. Ni ɗan kasuwa ne ya haife ni, na san wanda bai iya harshen mai sayen kayansa ba ya bar kuɗi a ƙasa, kuma jin harshen maƙwabci yana kashe fitina tun ba ta tashi ba. Gurjawan Fereydan ma duk suna jin Farisanci kamar kowa. Abin da nake cewa shi ne mu ba mu da dutsen da zai tsare mana namu, a tsakiyar kasuwa muke zaune. Cikin abubuwa huɗun nan da na lissafa, wanda yake hannun kowane magidanci shi ne abin da ake yi a cikin gida. Idan uwa ta yi wa ɗanta rarrashi da faɗa da tatsuniya da Hausa, uba ya aike shi da Hausa, malamin allo ya fassara masa karatu da Hausa, to makarantar boko da titi ba za su iya ƙwace shi ba. Idan kuma hali ya yi, a riƙa tura yara gida lokacin hutu su ga dangi, a koya masu karanta Hausar da rubuta ta, kada su tsaya a ji kawai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi na biyu shi ne na waɗanda suka koma Kakheti suka tarar ba su dace ba. Da yawanmu mun ɗanɗana irin wannan. A nan ana ce mana baƙi ko da kakan mutum a nan aka binne shi, idan kuma muka je Arewa aka ji karin harshenmu sai a ce ga 'yan Kurmi sun zo. Mutanen Fereydunshahr sun daina jiran wani ya faɗa masu ko su wane ne. Sun riƙe garinsu a matsayin gida, suna noma shi, suna kare shi, suna binne matattunsu a ciki, sannan suna magana da harshen iyayensu ba tare da jin kunya ba. Ina ganin mu ma ya kamata mu kalli inda muke da wannan ido: mu yi rajistar zaɓe a nan, mu shiga harkar unguwa da ta makarantun 'ya'yanmu, mu zauna lafiya da masu gari, kuma mu riƙe Hausarmu.

A nan zan dakata. Ina so in ji daga gare ku, musamman 'yan'uwa na Shagamu da Agege da Abakwata da Anaca da Fatakwal, yaya abin yake a gidajenku, wane harshe ƙananan yara suke yi idan suna wasa a tsakar gida? Allah Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya yi wa kasuwa albarka, Ya shirya mana zuriya.